Jaririn Cikin Burodin Mamá

"Ba zai yiwu ba, Citlali. Jiya na faɗa miki, yau ma ina faɗa miki, in kin dawo gobe abin da za ki ji ke nan."

Mamá ce ke magana, hannayenta biyu a nutse cikin kwaɓin fulawa, ko kallona ba ta yi ba. Ni kuwa ina jingine da ƙofar kicin, na yi kuka har hancina ya toshe.

"Mamá, me ya yi miki? Wata huɗu yana gidan nan. Ko cokali ya taɓa bari a tebur bai wanke ba?"

"Ni na ce ya yi mini wani abu? Naoki yaron kirki ne. Dukkansu ma yaran kirki ne. Je ki falo ki duba bango, ki nuna mini mugu ɗaya a cikinsu."

Ba sai na je ba, a gabana aka cika bangon nan. Shekara goma sha tara ke nan, tun bayan rasuwar Papá, Mamá take sauke ɗaliban makarantar koyon Sifaniyanci da ke unguwar Roma, a nan birnin Mexico. Makarantar ce ke turo su ɗaya bayan ɗaya, su zauna a ɗakin sama, su ci abin da muke ci. Sukan zo ko gishiri ba su iya nema a tebur ba, su tafi suna cacar baki da direban bas da harshenmu. Ranar da ɗalibi zai tafi Mamá takan ɗauke shi hoto a bakin ƙofa, ta rataye a bango. Na Naoki ma tun makon jiya ta kafa ƙusarsa, tana jiran ashirin ga wata.

"Ɗalibi baƙo ne," in ji Mamá, tana dukan kwaɓin kamar shi ya yi mata laifi. "In ciyar da shi, in gyara masa harshe, in ya yi zazzaɓi in dafa masa romon kaza. Amma ba na ba shi 'ya. Sau ɗaya na gwada, kin ga yadda aka ƙare."

Na sani sarai. Yayata Maribel take nufi, da Tobias, Bajamushen nan mai dogon wuya da ke jere na uku a bango. Shekara bakwai da suka wuce, a rana irin ta yau, shida ga Janairu, shi ya tsinci ɗan jaririn roba a cikin roska, burodin zoben da ake yankawa a wannan rana. Doka kuwa kowa ya san ta: wanda ya tsinci jariri shi zai ciyar da duk wanda ya zauna teburin da tamal ranar biyu ga Fabrairu. A wasu gidajen mutum ya sayo a bakin titi ya wadatar. A gidanmu da hannunka za ka kwaɓa masarar, ka naɗe a ɓawonta, ka turara.

Tobias ya ɗaga jaririn sama, ya rantse a gaban kowa zai je gida ya dawo, da tamal da zoben aure. Bayan tafiyarsa muka iske jaririn a kan durowar ɗakin sama, kusa da fankon man goge baki. Ranar biyu ga wata Maribel ta yi tamal ɗin da kanta, wai kada ya iso a gajiye ya ji kunya. Ta zauna tana kallon ƙofa har suka huce. Yanzu tana zaune a garin Puebla, kuma ba ta ƙara zuwa yankan burodi ba.

"Naoki ba Tobias ba ne, Mamá."

"Haka Maribel ta ce mini, Tobias ba kamar sauran ba ne." Ta share hannu a jikin zanen da ta ɗaura, sai a lokacin ta dube ni, na ga nata idon ma ya yi ja. "'Yata, kina tsammanin daɗi nake ji? Ni na kwana uku ina ɗura wa yayarki ruwa a baki. Ba zan sake ba. Ƙarfe biyar Fermín da mahaifiyarsa za su zo yankan burodi. Ki je ki wanke fuskarki."

"Fermín! Mutumin da ke duba gashinsa a bayan cokali?"

"Ya duba a bayan tukunya ma in ya so. A layin nan aka haife shi, a layin nan zai tsufa. Shagon maganin ubansa ba ya hawa jirgi."

Ta fita ɗauko tire. Tía Nacha, ƙanwar Mamá, tana zaune a lungu tana yanka busassun 'ya'yan itacen da ake ƙawata burodin da su, ta yanka ɗaya ta jefa ɗaya a baki. Ta yafuto ni da wuƙa.

"Zo nan, sarkin kuka. Kin ga jan ceri ɗin nan guda ɗaya tak? Inda uwarki ta ɗora shi, nan jaririn yake kwance."

"Me ya sa za ta sa alama? Ai ha'inci ne!"

"Ke dai yi shiru. Ita da Doña Perla, uwar Fermín, suka ƙulla. Fermín ya tsinci jariri, ya kawo tamal ranar biyu ga wata, a ranar kuma a nemi aurenki a gaban dangi. Shi angon ma ba a gaya masa ba, don uwarsa ta ce bakinsa ba ya riƙe magana."

Saura kwana ashirin da bakwai ke nan a ba da ni.

* * *

A kan rufin bene na same shi, wurin da muke shanya, ya dawo daga makaranta ko jaka bai ajiye ba. Yana tsaye yana kallon tankunan ruwan maƙwabta, da ɗan littafinsa mai baƙin bango a hannu.

Wannan littafin shi ya jawo mini duk abin da nake ciki. Naoki injiniya ne, wani kamfanin kayan mota na Hiroshima ya turo shi koyon harshe, amma in kun gan shi sai ku ce an turo shi ne ya ƙirga Mexico gaba ɗaya. Me ya sa kuke cewa miya ba yaji, alhali mutum hawaye yake yi? Me ya sa mai sayar da gas yake ihu kamar an taka shi? Me ya sa kowa yake cewa gidana gidanka ne, amma ba ya ba da makulli? Sauran ɗalibai sukan yi tambaya don a ji sun iya magana. Shi kuwa in ya yi tambaya sai ya tsaya ya saurara, ya karkata kai, kamar abin da za ka faɗa shi ne zai raya shi. Ba wanda ya taɓa saurarona haka, shi ya sa na faɗa sonsa ban shirya ba.

"Citlali, Malama Ximena ta ba mu aiki," ya ce, a hankali yadda ya saba, yana ɗauko kalma ɗaya bayan ɗaya. "Kowa ya rubuto shafi ɗaya a kan yankan burodi a gidan da yake zaune, gobe ya karanta wa aji. Me ya sa burodin zagaye yake? Kuma me ya sa..." Ya tsaya. "Me ya sa idonki ya kumbura?"

"Yauwa, yau dai ka yi tambayar da ta dace."

Na gaya masa za a ba da ni ga Fermín ranar biyu ga Fabrairu. Maganar ceri ce kawai na haɗiye, don kunyar a ji uwata tana maguɗi a cikin burodi. Ya rufe littafin.

"Naoki, in ka tafi za ka dawo?"

"Tikitin na kamfani ne, ba nawa ba. Sau biyu na rubuta wa maigidana ina roƙon a bar ni a masana'antarmu ta Guanajuato, a nan ƙasarku. Bai amsa ba."

"Ba maigidanka na tambaya ba, kai na tambaya!"

"Tía Nacha ta ba ni labarin Tobias," ya ce, kansa a ƙasa. "Na san kalmomin da ya faɗa a gidan nan. Na iya su, a aji na biyu aka koya mana. Amma ba na son in faɗe su, don shi ya riga ya lalata su."

"To ni me zan riƙe? Ka gaya mini! In Mamá ta tsare ni da ido, in ce mata me? In ce mutumin da nake so yana nazari?"

Kuka ya ƙwace mini. Ya miƙo mini hankicinsa da hannu biyu, a ninke tsaf kamar an goge shi yanzu. Na fizge, na face hanci a ciki da gayya, na sauka na bar shi tsaye tsakanin zannuwan gado. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, kuma har na kai ƙasan matakala ina son sanin abin da ke cikin wannan kan nasa.

* * *

Ƙarfe biyar da rabi Fermín ya iso, turarensa ya riga shi shigowa. Ya sumbaci hannun Mamá, ya ce mini na yi kyau ba tare da ya dube ni ba, sannan ya buga kafaɗar Naoki.

"A'a, ɗan China, har yanzu kana nan? Ka iya cin barkono kuwa, ko har yanzu da madara ake bin ka?"

"Japan, Don Fermín," in ji Naoki yana murmushi. "Na iya biyu. Na uku yana nan yana jirana."

"Duk ɗaya ne, duk shinkafa ce!"

Doña Perla ta yi dariyar ɗanta, ita kaɗai. Muka zauna mu goma sha biyu har da maƙwabta, aka zuba koko mai zafi, wato ruwan cakulan, a kofuna, Mamá ta ajiye roska a tsakiya. Na ga lokacin da ta juya tiren a hankali, kamar tana gyara masa zama, har jan cerin ya tsaya daidai ƙirjin Fermín.

"Fermín, ɗana, kai za ka fara. Yanka nan, nan ne ya fi laushi."

Ya yanka, yana ba da labarin sabuwar motarsa. Na runtse ido ina jiran ihun an tsinta. Shiru. Wuƙa ta zagaya, kowa ya yanka rabonsa, kowa yana bincikar nasa da yatsa ana tsokanar juna. Naoki kuwa yana rubutu, ya kalli wannan ya rubuta, ya kalli agogo ya rubuta.

Burodi ya ƙare tas, ba jariri.

Mamá ta dubi tire, ta dubi Fermín. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, labarin mota ya tsaya a tsakiya. Tun da nake ban taɓa ganin Fermín ya yi minti ɗaya bai yi magana ba, sai ga shi yana ta gyaɗa kai yana murmushi baki a rufe.

"Comadre, aminiyata, ko dai kin manta ba ki sa ba?" in ji Doña Perla.

"Shekara talatin ina yin burodin nan, comadre, ban taɓa mantawa ba."

Sai Naoki ya ɗaga hannu, wallahi kamar yana cikin aji.

"Doña Lala, ina da tambaya," ya ce da Mamá.

"Ba yanzu ba, ɗana."

"Ƙarama ce, don aikin makaranta. Minti nawa ake ajiye jaririn a cikin kumatu kafin a nuna wa jama'a? Don Fermín ya sa nasa a kumatun hagu minti bakwai da suka wuce, ina ta ƙirgawa. Malama ba ta koya mana wannan ɓangaren ba."

Tía Nacha ce ta fara fashewa da dariya. Koko ya fito mata ta hanci, ta kifa kai a tebur tana dukansa da tafin hannu, tana "Wayyo cikina, ku riƙe ni!" Maƙwabta suka ɗauka. Fermín ya yi jajir har kunnuwa, ya jawo tsumman goge baki, ya tofa ɗan farin jaririn a ciki.

"Haba jama'a, wasa ne fa!" ya ce. "Wa bai taɓa yi ba? A shago ma haka muke yi duk shekara, bara wani har haɗiye nasa ya yi. Ni zan tsaya kwaɓa masara saboda mutum goma sha biyu? Ina da aikin yi. In tamal ake so sai in aika a sayo."

Na ji ƙarar takalmin Doña Perla a ƙaurinsa ta ƙarƙashin tebur, amma magana ta riga ta fita.

Mamá kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta zuba wa tsumman ido, fuskarta ta faɗa, na ga tsufanta a fili kamar yadda ban taɓa gani ba. Duk haushin da nake ji nata ya narke.

"Wancan ya bar mini shi a kan durowa," ta ce a hankali. "Wannan kuma a cikin yawu."

Dariya ta mutu. Sai a lokacin Naoki ya gane ba al'ada ya gani ba, asirin mutum ya tona. Ya miƙe tsaye, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa kofi.

"Don Fermín, ka yi haƙuri, ban sani ba. Na ɗauka haka ake yi." Ya ɗago. "Doña Lala, saura tambaya ɗaya, daga ita na daina. In wanda ya tsinci jariri ba ya so, wani zai iya ɗauka?"

Aka dubi juna.

"Ɗana, tun da uwata ta haife ni guje masa na ga ana yi," in ji Tía Nacha tana share ido. "Ban taɓa ganin wanda ya roƙa ba."

Ya ɗauki tsumman, ya shiga kicin. Muka ji ƙarar famfo, muka ji takunsa yana hawa bene, yana saukowa. Da ya dawo sai ya ajiye abu biyu a gaban Mamá, da hannu biyu: jaririn a wanke fes, da jan fasfonsa.

"Ban iya tamal ba," ya ce. "Amma ina da kwana ashirin da bakwai."

"Kwana goma sha huɗu gare ka. Jirginka ranar ashirin ne."

"Shi ya sa na kawo wannan. Ba zan yi miki rantsuwa ba, Doña Lala, an riga an yi miki. Ki ajiye shi a wurinki har ranar biyu ga wata."

"Kai, za su kore ka daga aiki!" in ji Fermín, kamar abin ya dame shi.

"Wataƙila. Ban sani ba tukuna."

Mamá ta ɗauki fasfon, ta buɗe, ta kalli hoton, ta kalli mai hoton. Sannan ta tura masa abinsa da yatsa ɗaya.

"Ba na tsare mutum da takarda. Wanda zai zauna, ya zauna ƙofa a buɗe." Ta miƙe. "Hau ka haɗa kayanka. Yau za ka bar mini gida. Gobe da safe zan kira makarantarku in gaya musu ɗakin sama ba kowa."

Ban san lokacin da na zube a gabanta ba, na riƙe mata ƙafa, a gaban Fermín, a gaban maƙwabta, ban damu ba.

"Mamá, don Allah! Me ya yi? Tambaya kawai ya yi! Wanda ya tofa abin yana zaune yana shan koko, wanda ya wanke shi ne za ki kora? In kin kore shi ki haɗa da ni, na rantse ba zan kwana ba!"

"Tashi, Citlali, kina ba ni kunya."

"Ba zan tashi ba! Kin ce ba ki son in zama Maribel, to ga shi da hannunki za ki mayar da ni!"

"Na ce ki tashi!" Ta ɗago ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta share mini fuska da gefen zanenta mai ƙamshin lemo da fulawa. Sannan ta juya ga Naoki, wanda ke tsaye fuskarsa fari fat.

"Kai mai tambaya, buɗe littafinka ka rubuta wannan, ka kai wa malamarku. Ɗalibi ne ke kwana a gidana. Mai neman 'yata ba ya kwana rufi ɗaya da ita. Daga waje yake zuwa, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya jira a buɗe masa." Ta danƙa masa jaririn a tafin hannu, ta rufe yatsunsa a kai. "Biyu ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma. Tamal na kaza da koriyar miya nake ci. In ya yi tauri ba zan ɓoye maka ba."

"Gidana akwai ɗaki," in ji Tía Nacha, tana wa Doña Perla wani irin kallo. "Akwai tukunyar turare kuma. Zo mu je, ɗana, sai hannunka ya yi kanta."

Naoki ya dubi jaririn da ke tafin hannunsa. Karo na farko tun zuwansa ba shi da tambaya ko ɗaya, sai hawaye da suka cika masa ido.

Mamá ba ta jira godiya ba. Ta jawo durowa, ta ɗauko filaya, ta wuce falo, ni kuma na bi bayanta. Ta tsaya a ƙarshen jeren hotuna, inda ƙusar Naoki take tsaye ita kaɗai. Ta kama ta, ta murɗa, ta zare.

Na miƙa hannu in karɓa in jefa a kwandon shara. Ta dube ni, ta girgiza kai, ta zura ƙusar a aljihunta.

"Ba yau ba," ta ce. "Sai na ci tamal."